Ƙasar Da Ba Ta Shan Ruwa: Tsimin Ruwa Da Ramin Bayan Gida A Yankin Suki

A wannan fitowa za mu nufi gabas, wurin 'yan'uwanmu Hausawa da ke zaune a gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, domin mu duba wani al'amari da ba a cika son ambatonsa a zaure ba, alhali kuwa babu gidan da ya kuɓuta daga gare shi, wato ramin bayan gida da ruwan da muke aika masa dare da rana. Mun zaɓi garin Suki da ƙauyukan da ke kewaye da shi ne saboda a can kogi yana kusa, magudanan noman rani sun ratsa gonaki, amma da an gama amfani da ruwa a cikin gida sai a rasa inda za a kai shi, domin ƙasar wurin ba ta karɓa.

Ga wanda bai san yadda aka yi Hausawa suka kai can ba, hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai su, daga Kano da Barno, a bi ta Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Bahar Maliya. Wasu sun haye, wasu guzuri ya ƙare musu sun zauna. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran masu hijira har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo mutanenmu, ƙauyukansu suka bazu tsakanin kogunan nan biyu da kuma kudu da Sinnar. Shi Suki yana gaɓar gabas ta kogin, cikin jihar Sinnar. A da tashar jirgin ƙasa ce wadda daga ita jiragen ruwa ke hawa zuwa Rusairis, daga baya kuma, a farkon shekarun 1970, aka kafa masa nasa shirin noman rani mai jan ruwa daga kogi da injuna.

Halin ƙasar

Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce mai danƙo, irin wadda mutanen Dikwa da Ngala ke kira firki. Da rani takan bushe ta tsattsage, har hannun mutum ya shige cikin tsagar, wanda bai san ta ba kuwa sai ya ɗauka ko nawa aka zuba mata za ta shanye. To, ruwan farko kaɗai take sha. Da zarar ta jiƙa sai ta kumbura, tsagogin su rufe ruf, ta koma kamar kaskon da aka shafe. Wannan hali nata yana cikin abin da ya sa noman Jazira ya yiwu: an haƙa dubban kilomitoci na magudanai ba tare da an shafe cikinsu da siminti ba, ruwa kuma yana tafiya mai nisa bai tsiyaye ƙasa ba. Manomi na godiya ga Allah da wannan laka. Amma idan ya koma gida, ita ce dai ke kewaye da ramin bayan gidansa, kuma ba ta sake hali don ta shigo gari.

Mai karatu na Maraɗi ko Katsina, wanda gidansa ke bisa jigawa, zai ce shi wannan ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi ta wata fuska. Rairayi yana shan ruwa da sauri, saboda haka nasa ramin ba ya saurin cika, sai dai abin da ya sha yana saurin isa ga rijiyar maƙwabci. Maganin duka biyun ɗaya ne, shi ya sa muke roƙon kowa ya bi mu har ƙarshe.

Iyayenmu na da, a Suki ko a ƙasar Hausa, masai suke haƙawa a kusurwar gida, ba abin da ke shiga cikinsa sai najasa da ruwan buta guda na tsarki. Wanka yana da nasa makewayi, ruwan wanke-wanke kuma a watsa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura. Irin wannan masai har yau shi ne a gidaje masu yawa na ƙauye. Amma tun da samari suka fara zuwa neman kuɗi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, aka soma gina ɗakunan siminti, aka jawo famfo cikin gida, sai aka shigo da bayan gida mai ruwa. Mutanen Sudan na kiran tsarin gaba ɗaya saifon, mutanen Najeriya kuma su ce sokawe. Ci gaba ne babu shakka, ya rage wari da ƙudaje, ya sauƙaƙa wa tsofaffi da marasa lafiya. Sai dai ya zo da wata ɗabi'a, ta haɗa duk bututun gida a kai su rami ɗaya, a kuma daina lissafin ruwa tun da ba a ka aka ɗauko shi ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi

Saifon kashi biyu ne. Na farko tanki ne na siminti, sau da yawa mai ɗaki biyu. Idan ƙazanta ta shiga, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. A cikin abin da ya kwanta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu rayuwa ba tare da iska ba, su ne ke cin ƙazantar suna rage yawanta. Kashi na biyu rijiya ce da ruwan tsakiyar nan ke gangarawa cikinta domin ƙasa ta sha a hankali.

Duk aikin tankin ya rataya ne a kan lokaci. Masana gine-gine sun ce ruwa na buƙatar ya kwanta aƙalla kwana ɗaya cur a ciki, in ya samu biyu ko uku ya fi. Kowace lita da ta shiga ta wannan baki sai ta turo lita ɗaya ta fita ta wancan. Idan ruwa ya yi yawa, ba ya samun zama, sai ya kwashi gurɓin da bai kwanta ba ya wuce da shi rijiya, gurɓin ya manne a bangonta ya toshe 'yan kafofin da dama can ba su da yawa. Rijiyar da ta toshe ta wannan hanya da wuya ta koma daidai, ko an kwashe ta, bayan 'yan makonni sai ta sake cika.

Daga nan sai maigida ya kira mai haƙa, shi kuma shawararsa ɗaya ce: a ƙara zurfi. A Sudan an saba nutsa rijiyar saifon har ta huda laka ta tarar da yashi mai ruwa a ƙasa, domin a nan ne kawai za ta riƙa zuƙewa. Wannan yana raba maigida da damuwarsa, amma mu tsaya mu yi tunani. Ruwan ƙarƙashin ƙasan nan shi ne rijiyoyin sha da na burtsatse ke jawowa. An daɗe ana kokawa da haka a Hartum, kuma babu dalilin da zai sa ƙaramin gari ya tsira. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, sun nemi a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiyar sha, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Rijiyar da aka haƙa da niyyar ta taɓa ruwa ta karya ƙa'ida ta biyu tun ranar da aka gama ta. A ganinmu, wanda ya rage abin da yake aika wa raminsa har ya wadatu da mara zurfi ya yi wa unguwa alherin da ba za su taɓa sani ba.

Bari mu yi lissafi

Wannan misali ne namu, kowane gida ya sa nasa adadin. Mu ɗauki tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita ɗaya da rabi. Yana ɗaukar lita 3,000. Bayan 'yan shekaru gurɓi da kumfa sun cinye kashi ɗaya cikin uku, saura wurin lita 2,000. Gidan yana da mutum goma. Tsohon tankin kora na bayan gida yana sakin kamar lita 10 a ja ɗaya, in kowa ya ja sau biyar a yini an sami lita 500. Wanka da shawa, mu ce lita 40 kowa, ga 400. Alwala a bakin famfo yana zuba, mu ce lita 4 sau biyar, ga 200. Wanki da wanke-wanke mu ba su 300. Jimla lita 1,400 a yini, wato ruwa na samun zaman da bai kai kwana ɗaya da rabi ba. Tankin yana aiki, amma a bakin gaɓa yake. Ranar da baƙi goma suka sauka, zaman ya koma ƙasa da kwana ɗaya, gurɓi ya fara wucewa.

Yanzu mu sake lissafin. A kora da moɗa ko ƙaramin bokiti, lita 3 kowane shiga, kuma a raba bututu ta yadda ruwan bayan gida kaɗai ke zuwa tanki. Mutum goma sun aika lita 150 a yini, ruwan zai kwanta kusan mako biyu. Ko mutum ashirin ne, yana da kusan mako guda. Ba a ƙara bulo ko ɗaya ba, ba a haƙa taki ko ɗaya ba.

Maganar baƙi ba zato muka yi ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kori mutanen Hartum zuwa Jazira, da Wad Madani ta faɗa hannun rundunar RSF a Disamban shekarar kuma sai jama'a suka kwararo kudu zuwa jihar Sinnar. A tsakiyar 2024 faɗan ya iso Sinja da Suki kansu, kafin sojojin gwamnati su sake karɓe su a ƙarshen shekarar. A cikin wannan juyi, gidan da aka gina wa mutum takwas ya kwana da talatin, Bahaushe kuwa ba ya rufe wa ɗan'uwa ƙofa. A watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ramin da ya tumbatsa a tsakar gida mai cike da yara, a irin wannan lokaci, maganar rai ce.

Mudu da sa'i

Babu wani sabon abu da muke kira zuwa gare shi wanda ba a karantar da mu a makarantar allo ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Mudun nan shi ne na zakkar fidda kai, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, wanda bisa ma'aunin Madina bai kai lita ɗaya ba. Mudu biyar kuwa bai cika lita huɗu ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, a Risalarsa da kowane almajiri ya sani, ya sanya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki cikin sunna, ya kuma zargi wuce iyaka. Akwai kuma ruwayar Ahmad da Ibn Majah, ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadinta, cewa an hana Sa'ad ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake. Mutanen Suki a bakin kogi mai gudu suke, sai ka ce da su ake.

Buta, wadda suke kira ibriƙ a can, ita ce ma'aunin da ya fi kusa da sunna, domin tana nuna wa mutum abin da ya rage masa. Famfo ba ya nuna komai. Mun sha ganin mutum ya buɗe shi tun yana naɗe hannun riga, yana gaisawa da na kusa, bai rufe ba sai da ya wanke ƙafa ta biyu. Ba mu ce a cire famfo ba. A cika buta daga gare shi, a rufe, a koma gefe. Haka wanka: bokiti da moɗa sun isa, kuma wanda ya saba ya san jiki na fita tas.

Amma a nan dole mu ja kunne. Tsimin ruwa bai shafi wanke hannu da sabulu ba, bayan fitowa daga bayan gida, bayan wanke wa yaro, da kafin taɓa abinci. Uwargida kada ta bari a rage wannan ko da ɗigo. Haka kuma kada a tsuke ruwan kora har ƙazanta ta tsaya a bututu, lita biyu zuwa uku a zuba su gaba ɗaya da ƙarfi sun fi lita biyar ana tsiyayawa.

Akwai kuma ruwan da ke tafiya ba wanda ya amfana da shi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka guda a yini. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne tankin kora da robarsa ta ci, domin yana zuba shiru dare da rana, yana iya kai ɗaruruwan lita ba a sani ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba ɗan jiƙon zoɓo, wato karkade, a cikin tankin, a bar shi rabin sa'a ba a ja ba. In ja ya bayyana a cikin kwanon, robar na bukatar canji, kuɗinta kuwa bai kai na kiran motar kwasa ba ko kusa. Wanda yake da tsohon tanki mai girma, ya cika gorar roba ta lita ɗaya da ruwa ya rufe ya ajiye ta ciki inda ba za ta taɓa ƙarfen ja ba, kowane ja ya rage lita guda ke nan.

Ina za a kai sauran ruwan?

Wannan ita ce tambayar da uwargida za ta yi, kuma tana da gaskiya, domin ita ke fama da caɓin tsakar gida. Ruwan alwala mai tsarki ne. A mazhabar Malikiyya abin da aka ce kawai shi ne an karhanta sake yin alwala da shi in akwai wani, amma babu laifi ya shayar da itace. A ajiye tasa ƙarƙashin mai alwala, ko a yi wurin alwalar a gindin darbejiya ko lemun tsami. Ruwan wanka da na ɗaurayar tufafi su ma su bi nasu bututu zuwa wani kwari mai faɗi mara zurfi a gindin itace, a cika shi da karan dawa ko ɓawon gyaɗa. Faɗi ake so, saboda a kan laka rana da saiwa ne za su ɗauke ruwan, ƙasa ba za ta taimaka sosai ba. In da hali a yi kwari biyu ko uku ana juyawa, kowanne ya bushe kafin a dawo masa, domin sauro na buƙatar kamar mako guda zuwa kwana goma a ruwa kafin ya tashi, yankin kuma dama yana fama da zazzaɓin cizon sauro. Ba don komai aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 ba sai don yaƙar zazzaɓin nan da tsargiya da gudawa a yankunan noman rani. Itacen dai ya kasance nesa da tanki, saiwar darbejiya tana bin danshi har cikin bututu.

Abu biyu ba sa zuwa gindin itace: ruwan wankin tsumman jariri, da duk abin da ya fito daga mai amai da gudawa. Waɗannan bayan gida za su. Ruwan wanke tukunya kuma a bar maiƙonsa ya daskare a kwashe tukuna, domin mai yana toshe ƙasa fiye da komai. Sakin ruwa ta rariya zuwa hanya, ko kai bututu cikin magudanar gona inda yara ke iyo mata ke wanki, ba sai mun tsawaita ba. Hadisin Abu Dawud da ya yi gargaɗi a kan ƙazantar da mashaya da tsakiyar hanya da inuwa sananne ne.

Ranar wanki ma a duba ta. Idan babu yadda za a yi sai ruwan wanki ya shiga tanki, to kada a tara na mako guda a yi shi rana ɗaya, a raba shi kwana uku.

Kafin damina

Damina, wadda suke kira kharif, ita ce jarrabawar kowane rami. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama na jiƙa laka ta rufe, kogi kuma na cika da ruwan tsaunukan Habasha. A ambaliyar 2020, wadda ta sa gwamnatin Sudan ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a watan Satumba, jihar Sinnar na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Saboda haka watan Mayu da farkon Yuni ne lokacin shiri. A duba indararo, kada ya zuba kusa da rami. A ɗaga bakin murfi sama da ƙasa a yi masa tudu ta yadda ruwa zai gangare ya bar shi. A duba bangon tanki da mahaɗar bututu, domin kumburi da tsukewar laka kowace shekara na tsaga siminti. A sa doguwar sanda a auna gurɓi, in ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa a kira masu kwasa tun hanya na biyuwa, a kuma tambaye su inda za su zubar. A bar ɗan kaɗan a gindi kada a wanke tas, shi ne irin da zai ta da aikin sabo, kamar yadda ake barin tsami a ƙwaryar nono.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwano ya fara jinkirin zuƙewa, ko bututu na gurnani, ko wari ya tashi da yamma, ko ƙasa ta yi danshi a gefen murfi da rani, duk saƙo ne. Mutane da yawa a nan sukan zuba kananzir ko baƙin man inji don kashe wari da sauro. Wannan yana kashe halittun da ke yi mana aiki, ya shafe bangon rijiya da maiƙo, ya kuma gangara ga ruwan sha. Abin da ke maganin wari shi ne bututun iska mai tsawo da ya wuce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. Leda, tsumma, audugar mata da ƙunzugun yara na zamani kuma ba sa ruɓewa a ciki, a tanadar musu kwandon shara mai murfi.

Idan har rami ya toshe ko wani abu ya faɗa ciki, kada kowa ya sauka, ko da an kwashe shi ƙaf. Akwai iska mai guba da ke taruwa a gindi, wadda in ta yi yawa hanci ma ba ya jin warinta, tana sumar da ƙaƙƙarfan mutum cikin numfashi kaɗan, kuma sau da yawa wanda ya bi shi don ceto shi ma ba ya fitowa. Maigida ya faɗa wa samarin gida wannan da bakinsa, ya kuma tabbatar murfin yana da nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.